Kafin 'Yan Gwangwan Su Ƙarasa Kwashe Jeren Iyayenmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridarku in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai.

Mahaifiyarmu, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta rasu bara tana da shekara tamanin da 'yan kai. Allah ya jiƙanta da rahama. Da aka zo rabon gado, gida da 'yar gonar ba su ba da wahala ba. Abin da aka rasa yadda za a yi da shi shi ne kayan ɗakinta. Jikoki mata goma sha ɗaya, babu wadda ta miƙa hannu. Wata ta ce ba ta da wurin ajiya, wata ta ce ƙawayenta za su yi mata dariya. Ni kuma a lokacin ina kwance ina jinyar ƙafa. Kafin in warware an kira ɗan gwangwan, ya zo da kurarsa da sikelinsa, ya auna jeren Inna a kilo kamar ƙarfen tsohuwar mota. Ban ga laifin yaran ba, don ba su san abin da suka sayar ba. Langa ɗaya tak na tsira da ita, ita ma don tana gidana ne. An taɓa kawo mini tuwo a ciki, na yi ta cewa gobe zan mayar har mai ita ta riga mu gidan gaskiya.

Wanda ya shiga ɗakin matar aure a Kano a shekarun 1960 ya san abin da nake nufi da jere. Kana ɗaga labule idonka zai faɗa kan bango guda cike da kwanuka tun daga ƙasa har kusa da rufi. Manyan kwalla a ƙasa, fanteka a kansu, sai samira, sai langa da kumbo, kowanne da murfinsa, mai furen ja da mai shuɗi da mai ruwan ɗorawa. Can sama Inna ta ɗora tasoshin tagulla guda uku da aka kawo mata daga Bida. Duk ranar Alhamis sai mun sauke su mun goge ƙura, tasoshin kuma a dirje su da toka da lemon tsami har mutum ya ga fuskarsa. Ba a cin abinci a kwanon jere. Na ci dabam, suna madafa. Kakarmu kuwa, wadda jerenta na ƙorai ne da akusa, har ta rasu ba ta yarda fura tana daɗi a kwanon ƙarfe ba. Ta ce ƙwarya ce ke sanyaya fura, kuma da na girma na gane gaskiyarta.

Yaran yanzu suna ɗauka ado ne kawai. Ado ne, amma kuma shi ne bankin mace a zamanin da ba ta san ƙofar banki ba. A 1973, shekarar da fari ya yi tsanani, hatsi ya yi tashin gwauron zabi. Babanmu tela ne, yana da keken Singer ɗaya a zaure, to wanda bai ci ba ai ba ya ɗinka riga. Wata rana bayan isha'i Inna ta aike ni in kira dillaliya. Ta sauke kwalla biyu da samira saiti guda, suka yi ciniki ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Washegari buhun gero ya shigo gidan. Abin da ba na mantawa shi ne yadda ta zauna a daren tana warwatsa sauran kwanukan, tana ba su tazara, don kada baƙuwa ta shigo ta ga giɓi. Baba bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Da abubuwa suka daidaita, da kuɗin ƙuli-ƙuli da na adashi ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya. A shekarar ce kuma aka kawo naira da kwabo, amma Inna har ta koma ga Allah da fam da sule take lissafi. In ka ce mata naira biyu sai ta ce, "Fam guda ke nan, ka faɗi magana yadda za a gane."

Sannan a da kaya ba sa mutuwa da wuri. Ƙwarya ta tsage, sai a ajiye ta a jira gyartai. Da hantsi za ka ji muryarsa a lungu, a aika yaro ya tsayar da shi. Ya zauna a ƙofar gida, ya huda gefe da gefen tsagar da basilla, ya ɗinke ta tsaf, ƙwarya ta koma bakin aiki. Muna tsugune muna kallonsa kamar mai yin siddabaru. Kwano ya ɓule, akwai mai faci da dalma. In ya wuce faci ya zama na awon gawayi, daga nan ya zama na ruwan kaji, sai ya yi shekara talatin a gida bai ga bola ba. Yaushe rabon da ka ji kiran gyartai, Malam Edita? Ni dai na fi shekara ashirin. Bokitin roba in ya fashe, iyakarsa kwata, ya toshe ta, damina ta zo ruwa ya shiga gidajen mutane.

Aikina a gidan shi ne fitila. Da la'asar sakaliya zan ɗauko fitilar ƙwai guda biyu, in ɗaga ƙarfen in zare ƙwan a hankali, in hura masa iskar baki, in goge baƙin hayaƙin da tsumma, in datse bakin lagwani da almakashin Baba, in zuba kananzir ta mazurari. In lagwani ya karkace, harshen wutar zai yi tsini gefe guda ya baƙanta ƙwan kafin a idar da sallar isha'i, kowa kuma ya san wadda ta yi sakaci. Ranar da ƙwan ya suɓuce mini ya fashe a kan daɓe, na tsaya a wurin kamar an dasa ni. Inna ba ta dake ni ba. Ta ɗauko aci-bal-bal ɗin kaka, ta zuba man gyaɗa, ta murza auduga ta yi lagwani, ta ce da shi zan yi karatun dare har ranar da kuɗin tallata ya kai na sabon ƙwai. Kwana tara na yi hancina yana baƙi. Fitilar Tilley kuwa, mai famfo da haske fari fat, sai gidan mai unguwa da wurin mai shayi, ko in ana biki a aro.

Akwai randa a kusurwar tsakar gida, an kafa ta kan jiƙaƙƙen yashi, faifai a baki, moɗa a kai. Ruwanta yana da wani ƙanshin ƙasa da firji bai san shi ba, kuma ba ruwanta da ɗauke wuta. Akwai dutsen guga na gawayi mai ɗan zakara a goshi, wanda sai an yi ta fifita shi, kuma rabin fararen rigunan unguwa suna da ɗan tabon ƙuna a wani wuri saboda shi. A wanke farin kaya da sabulun sanda, a tsoma a ruwan bula. Rediyon Baba tana da riga ta musamman da ya ɗinka mata da ƙyallen shadda. Da ita ake jin Kaduna da sashen Hausa na BBC, in batir ya yi sanyi a shanya shi a rana. Har yau in na ji ƙanshin Bintu Sudan sai in ga Inna ta buɗe adakarta ta ƙarfe ranar salla.

Ni da aka yi mini aure a 1976, zamani ya fara juyawa. Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, sun shigo hannun ma'aikata, kasuwa ta cika. Aka yi mini gadon ƙarfe mai rumfa da kabad mai gilashi da tangaran, aka haɗa da samira, atamfofin lefena kuma da yawansu saƙar Kaduna ne, lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana. Inna ta dubi tangaran ɗin ta ce, "Wannan in ya faɗi wa zai ɗinke shi?" Muka yi mata dariya. Yau ko faranti ɗaya bai rage ba.

Kada a ɗauka ina kiran a koma jiya ne. Na yi daka har hannuna ya yi kanta, na yi niƙa a dutse, hayaƙin ɗanyen itace ya sa ni hawaye shekara da shekaru. Ranar da na fara girki da risho na yi wa wanda ya ƙera shi addu'a, yanzu kuma gas nake amfani da shi, ba na neman mai mayar da ni murhu. Masu cewa komai na da ya fi na yanzu, yawancinsu maza ne da ba su taɓa riƙe taɓarya ba.

Roƙona dai biyu ne. Na farko ga masu kula da gidajen adana kayan tarihi, irin Gidan Makama a nan Kano da takwarorinsa a Katsina da Sakkwato da Damagaram: tarihi bai tsaya kan takubba da sulke da kayan sarauta ba. A ware ɗaki guda a shirya shi kamar ɗakin talaka na 1965, da jerensa da gadonsa da fitilarsa da randarsa, a rubuta sunan kowane abu da Hausa. Na koyar a firamare shekara talatin da biyu, kuma kafin in yi ritaya na tambayi 'yan aji shida mece ce moɗa, yara uku ne suka sani. Kayan nan har yanzu suna ƙarƙashin gadajen tsofaffi, kyauta ma za a samu da yawa in an yi shela, amma kullum kurar ɗan gwangwan tana zagaya lunguna, kuma shi ba ya jiran kasafin kuɗi.

Na biyu ga 'yan'uwana mata: in tsohuwa ta rasu, kafin a kira mai sikeli, a ɗebi ko da abu uku a ajiye, a gaya wa yara na wace ce da yadda ta same shi.

In an buɗe ɗakin, ina da fitilar ƙwai ɗaya da dutsen gugan Baba, zan kawo su da kaina. Langar Inna ce dai ba zan bayar ba. Gefen murfinta ya ɗan ɓantare, a ciki nake ajiye goro.

Wassalam.

Tsohuwar malamar firamare,
Fagge, Kano.