Wasiƙa zuwa ga aminiyata a kan shirin haihuwata

Rigasa, Kaduna.

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, da sauran mutanen Sakkwato. Saƙonki ya same ni, kuma na san ƙauna ce ta sa kika ce in yi zamana a gida idan naƙuda ta kama, kada in nufi asibiti sai haihuwa ta zo gab, don kada likitoci su sake yi mini aiki. Ni ma babu abin da nake so kamar in haihu da kaina a wannan karon, amma ba zan bi wannan hanya ba, kuma ina so ki ji dalilina.

Kin san a haihuwar fari aiki aka yi mini saboda yaron ya zo a zaune, ga shi yanzu jinina yana ɗan hawa. Wannan ya sa aka mayar da awona daga asibitin unguwa zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Da na faɗa wa likita burina ba ta hana ni ba, sai dai ta fara da neman takardun aikin farko, domin tabon da ke kan fatar ciki ba ya nuna yadda aka yanka mahaifar kanta. Idan yankan a kwance yake a ƙasan mahaifa, kamar nawa, ana iya barin mace ta gwada naƙuda. Idan kuwa a tsaye yake a samanta, to babu wannan magana. Hoton ciki ya nuna cewa kan jaririn yana ƙasa, mabiyiya ba ta tare hanya ba, sannan tsakanin aikin da wannan ciki an haura shekara biyu.

Cikin mata huɗu masu irin halin da nake ciki da suka gwada, kusan uku suna haihuwa da kansu, kuma wannan ya ƙarfafa mini gwiwa ƙwarai. Sai dai cikin 200 akan sami kamar ɗaya da ɗinkin mahaifarta yake buɗewa ana tsakiyar naƙuda. Adadin kaɗan ne, amma idan abin ya faru, ran uwa da na ɗa sun rataya ne a kan 'yan mintuna. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, sau da yawa alamar farko ba daga jikin uwa take fitowa ba, daga bugun zuciyar jariri ne, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 110 da 160 a minti ɗaya. Ranar awo na ga yadda ake yi: an ɗaura mini ɗamara biyu a ciki, ɗaya tana ɗaukar bugun zuciyarsa, ɗaya tana auna murɗawar mahaifa, na'ura tana fitar da takarda mai zane, ma'aikaciyar jinya tana bin zanen da yatsa. Wace ungozoma ce, komai ƙwarewarta, za ta ga wannan a ɗakina na Rigasa? Zaman gida da kike ganin zai tsare ni daga wuƙa, shi ne zai iya kai ni ɗakin tiyata a makare.

Hawan jinin kuma yana da nasa sharaɗin. Ana auna ni a kai a kai, ana duba fitsari, domin daga 140 bisa 90 ake fara sa ido, idan kuwa ya kai 160 bisa 110 ya zama na gaggawa. An ja mini kunne cewa ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, ko kumburin fuska farat ɗaya, ba abin jiran wayewar gari ba ne, saboda suna iya zama share fagen jijjiga. Idan jinin ya ƙi sauka har ya zama dole a raba ni da cikin kafin naƙuda ta zo da kanta, wataƙila aikin za a yi, tunda tayar da naƙuda da magani yana ƙara wa ɗinki haɗari. Na amince da hakan tun yanzu, maigidana ma ya amince.

Hajiya surukata ta kawo mini wani jiƙo na sauƙin naƙuda. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, sannan na roƙi ɗanta ya yi mata bayani, domin maganar ta fi daɗin ji daga bakinsa. Duk abin da zai ƙara wa naƙuda ƙarfi, na gargajiya ne ko ƙwayar misoprostol da wasu ke saya a kemis, bai dace da mahaifa mai ɗinki ba. Addu'arta kam ina so, kuma tana yi. Masu cewa wadda aka yi wa aiki raguwa ce, ba su taɓa tashi da ɗanyen ɗinki cikin dare don shayar da jariri ba.

Idan watan ya kama zan koma gidan Yaya a Unguwar Rimi, don kada cunkoson hanya ya tsare mu. Ƙannen maigida biyu sun yarda su ba da jini a ajiye, kayan haihuwa suna cikin jaka, kuma da ciwon farko ko fashewar faya za mu kama hanya.

Ki ci gaba da sa ni a addu'a, Allah Ya raba lafiya. Ki gaida Inna da kyau, ki kuma fara neman izinin maigida tun yanzu, domin ba zan karɓi uzurin rashin zuwa suna ba.

Taki har kullum,
Aminiyarki.