A Kula da Man Ƙananan Taraktoci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin 'yan'uwanmu manoman Ikorodu da Epe game da man ƙananan taraktoci. Tankinsu yakan ɗauki kimanin lita 25 zuwa 40 na dizal, kuma a huɗa mai nauyi sukan sha lita 3 zuwa 5 cikin awa ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗura mai daga jarka ba tare da mazurari mai rariya ba, har ƙasa ta shige ta toshe filta. A damshin Legas, gara a cika tanki da yamma, domin wanda ya kwana rabi yakan tara ruwa. Kada kuma a bari man ya ƙare ƙaf, domin iska takan shiga bututu, injin ya ƙi tashi.

Naku,
Wani makaranci daga Agege, Legas