Kada mu bari gara ta cinye tsofaffin takardun kuɗinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka sam mini fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da mutane da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba, wato adana tsofaffin takardun kuɗi.

Ni ɗan kasuwa ne, hatsi nake saye da sayarwa a Dawanau, kuma tun ina yaron shago kuɗi ke bi ta hannuna. Tun wancan lokaci, duk takardar da na ga ana shirin daina karɓa, ko wadda wani baƙo ya shigo da ita daga ƙasarsu, nakan ware guda in ajiye. Akwai masu zaton laƙanin kasuwa ne wani malami ya ba ni, akwai kuma masu cewa ɓoye dukiya nake yi. Ko ɗaya babu. Yawancin abin da na tara ko mudun gero ba zai saya mini a yau ba. Ina ajiye su ne saboda ban san wata takarda da sarki da talaka, mai boko da mai allo, mace da namiji, kowa ya riƙe da hannunsa kamar takardar kuɗi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wasu takardu da suka shigo hannuna kwanan nan. Ƙanin mahaifina ya rasu a ƙauyenmu da ke ƙasar Bichi, Allah ya jiƙansa. Wajen rabon gado aka buɗe adakarsa, sai ga wata tsohuwar jakar fata a can ƙasa, an naɗe kuɗi a ciki an ɗaure da zare. Samarin gidan suka duba suka ce ai waɗannan an daɗe da daina karɓa, suka tura su cikin tarkacen da za a ƙona. Na ce a dakata. Da yake haƙƙin magada ne, na nemi su yi musu kuɗi, na biya, aka zuba cikin abin da za a raba.

Mafi tsufa a cikinsu takardar sule ashirin ce, fam guda ke nan, ta zamanin Turawa. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda Ingila ta kafa a 1912, ita ta buga ta, kuma da irinta ake ciniki a Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ba sa bukatar ɗan canji a wancan zamani, kuɗin Kano shi ne kuɗin Kumasi. A gabanta akwai hoton bishiyar kwakwa, a bayanta kuwa rubutun ajami ne manya-manya a tsakiyar fili. Ta yi laushi kamar tsumma, an ninke ta har layin ninkin ya fara tsagewa, kuma gara ta ɗan ci kusurwa guda. Duk da haka, da na ɗaga ta a rana, kakata da ta haura tamanin ta gane ta nan take, ta shiga ba mu labarin yadda aka biya sadakin yayarta.

Ta biyu naira ɗaya ce ja, irin ta farko da aka fitar a watan Janairun 1973, lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu. Wannan tana ɗauke da sa hannun Malam Adamu Ciroma, wanda ya riƙe Babban Banki daga 1975 zuwa 1977. A bayanta ga 'yan dako nan suna jera buhunan gyada. Na daɗe ina kallon hoton nan, domin aikin da na tashi a cikinsa ne. Yaran da ke mini lodi yanzu ba su taɓa ganin dalar gyada da idonsu ba, amma da na nuna musu takardar sai suka yi cincirindo, kowa na son ya riƙe. Ɗayansu ya ce ashe an taɓa sa ɗan dako a jikin kuɗi. An taɓa kuwa.

Sauran su ne suka fi taɓa mini zuciya. 'Yan naira biyar-biyar ne koraye masu hoton Abubakar Tafawa Ɓalewa, irin na 1979, da yawansu ko lanƙwasa ba a yi ba. Duk wanda ya yi wayo a 1984 ya san abin da ya sa suka kwana a adaka. A watan Afrilun shekarar gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sauya launin kuɗi, aka rufe iyakoki, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsoho su karɓi sabo. An ce don a karya masu fitar da kuɗi waje aka yi. Watakila an karya wasu. Amma manomin da ya sayar da amfanin gonarsa ya ɓoye kuɗin don sayen taki, ga banki da nisa, ga layi ba iyaka, shi ma an karya shi, kuma ba wanda ya rubuta sunansa a ko'ina. Baffana bai taɓa ba mu wannan labari ba. Shekara arba'in yana ajiye da gumin damina guda da ya koma takarda, bai zubar ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Da an cinna musu wuta ranar nan, da shaidar ta tafi tare da shi.

Mu da muka ga 2023 ba sai an yi mana dogon bayani ba. An sanar da sauya 'yan ɗari biyu da ɗari biyar da dubu a Oktoban 2022, sababbin suka fito a tsakiyar Disamba, aka sa wa'adin ƙarshen Janairu, aka ƙara kwana goma, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris. A nan kasuwa na ga manomi ya karyar da buhun masara don kawai mai saye yana da tsaba a hannu, na ga mutum da miliyoyi a asusu yana neman na mota. Na ajiye tsoho da sabo na kowane, gefe da gefe. Jikokina za su ji labarin, amma ina so su kuma taɓa abin da aka yi wahalar a kansa.

Akwai kuma maganar ajami. Wanda ya jera takardun a gabansa zai ga tafiyar da idonsa. Tun daga kuɗin Turawa rubutun yana nan, ya bi fam ɗin Najeriya, ya shiga naira. A watan Fabrairun 2007, zamanin da Soludo ke gwamnan Babban Banki, aka cire shi daga biyar da goma da ashirin da hamsin, aka sa Hausa da Yarabanci da Ibo da baƙaƙen boko. A 2014 aka cire shi daga naira ɗari ta bikin cika shekara ɗari da haɗe Kudu da Arewa. Yanzu ya rage a ɗari biyu da ɗari biyar da dubu. Masu cewa Larabci ne ko addini ne aka cusa a kuɗi, da za su zauna da ɗalibin allo ya karanta musu, da sun ji Hausa ce zalla, adadin kuɗin kawai aka rubuta, don miliyoyin mutanen da da wannan rubutu suka iya karatu. Ban ga hujjar da ta fi tsohuwar takarda a hannu ba idan wannan gardama ta tashi.

Ba ni kaɗai ba ne a wannan sha'awa. Muna da 'yan abokai, akwai ɗan canji a Wapa, akwai tsohon malamin makaranta, akwai direban babbar mota mai zuwa Agadas da Njamena. Duk wanda ya samu sabon abu sai ya kira sauran, mu haɗu bayan la'asar a shimfiɗa tabarma, kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa. Mai biyu iri ɗaya ya ba wanda ba shi da ita, a yi musaya. Ta haka na samu sidi dubu goma ta Gana, wadda a 2007 aka mayar da ita sidi ɗaya, da takardar Zimbabuwe mai dala tiriliyan ɗari, wadda aka fitar a farkon 2009, ba a jima ba ta rasa darajarta. Ɗan canjin nan kuma ya taɓa kawo mana rasiɗin alhazai na Saudiyya, irin wanda aka fara bugawa a 1953 don a sauƙaƙa wa mahajjata ɗaukar riyal na azurfa masu nauyi, daga baya mutanen ƙasar suka mayar da shi kuɗin ciniki. A kayan wani tsohon alhaji aka same shi. Gidaje nawa ne a Kano da Katsina da Damagaram ke da irin wannan a ƙasan akwati ba su sani ba?

To, Malam Edita, ga inda gizo ke saƙa. Dokar Babban Banki ta 2007, sashe na 21, ta haramta wulaƙanta naira da liƙi da sayar da ita, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira dubu hamsin ko duka biyun. Ina goyon bayan a hana tattaka kuɗi a wajen biki. Amma dubi yadda abin yake a zahiri. Mai son sabuwar takarda guda ɗaya don ya adana ba ya samu a kan kanta, alhali rafa-rafa na sababbi fil suna hannun masu sayarwa a ƙofar wuraren biki, ana ɗora riba a kai. Wanda zai watsa ta a ƙasa yana samu, wanda zai killace ta ba ya samu. Ina roƙon Babban Banki ya fito fili ya bambance mai adana tarihi da mai kasuwancin sabon kuɗi, musamman a kan takardun da aka riga aka daina karɓa, don mutane su yi musayarsu ba tare da fargaba ba. Ya kuma riƙa shirya jerin takardu a cikin ɗan kundi yana sayar wa masu so a rassansa. A Amurka ma'aikatar da ke buga dala da kanta take sayar wa jama'a faifan kuɗi da ba a yayyanka ba, kuma darajar dala ba ta ragu da haka ba.

Roƙo na biyu, bankin yana da gidan tarihin kuɗi a hedikwatarsa ta Abuja tun 2009, amma ɗan firamare na Gezawa ko Ɗambatta yaushe zai je can? A ɗauko wani ɓangare a kawo Gidan Makama a Kano ko Gidan Arewa a Kaduna, ko da na wata guda ne a shekara, a jera tun daga wuri da anini har zuwa naira ashirin ta 1977 mai hoton Janar Murtala, wadda ita ce ta farko da ta ɗauki fuskar ɗan ƙasa. Mu ma za mu ba da aron namu idan an tabbatar mana za a kula da su.

Ga 'yan'uwa masu karatu kuma, idan kun ci karo da irin waɗannan a kayan iyaye, don Allah kada ku ƙona, kada ku ba yara su yi wasa. Kada a goge su da dutsen guga, kada a liƙa salatif a inda ya yage, domin gam ɗinsa yana rinar da takarda ya bar tabon da ba ya fita. Kada a rufe su da ledar nan da ake narkarwa da inji irin ta katin shaida, wannan kashe takarda ne gaba ɗaya. A cire robar ɗaure kuɗi, tana narkewa da zafi ta manne. A shimfiɗa kowace a cikin farar takarda mai tsabta, a sa a ambulan, a ajiye a gwangwani mai murfi nesa da ƙasa da bango saboda gara da laimar damina, a riƙa dubawa idan ruwa ya ɗauke. A jikin ambulan ɗin a rubuta sunan mai su, da garin da aka same su, da abin da tsofaffin gida suka tuna game da su, tun suna raye ana iya tambayarsu.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai sayar da hatsi,
Kasuwar Dawanau, Kano.