Akwatin da muka ɓoye a daji

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da iyali duka. Yaya zafin Kano? Mu nan Oregon ruwa ne ba dare ba rana.

Ka tambaye ni game da hoton da na turo, wanda takwaranka ke durƙushe a gindin bishiya, hannunsa cikin kogo. Ba zuma yake nema ba. Wasa ne na koya wa yarana, sunansa geocaching, amma mu a gida farautar akwati muke ce masa. Mutum zai ɓoye ɗan akwati da littafi da fensir da 'yan kayan wasa a ciki, ya rubuta lambobin GPS na wurin, wato lambobin da ke nuna daidai inda wuri yake a taswira, a shafin Geocaching.com. Mai nema ya bi lambobin da wayarsa. In ya gano, ya sa hannu a littafin, ya mayar da akwatin yadda ya tarar. In ya ɗauki abu, dole ya ajiye wani wanda bai gaza shi daraja ba.

A jihar nan aka fara shi. Ranar 2 ga Mayu 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan ga farar hula, wanda kafin nan na'ura kan ɓata da kusan mita 100. Washegari wani mutum, Dave Ulmer, ya ajiye baƙin bokiti kusa da Beavercreek don ya gwada ko za a gano shi. Yau akwatunan sun haura miliyan 3 a duniya. Na kai yaran wurin, akwai ɗan allon tunawa a bakin hanya. Auta ta dube shi ta ce, "Baba, shi ke nan?"

Da muka gano akwatuna wajen 20, sai suka matsa sai sun ɓoye nasu. Nan na ga ashe ɓoyewa ta fi nema wuya. Sai ka nemi izinin masu kula da dajin. Sai ka nisanci kowane akwati da mita 161. Ba a tona rami, ba a sa abinci saboda dabbobi. Auta har da kuka kan alewarta. Bayan haka wani mai sa kai zai duba komai kafin a saki lambobin.

Ƙarƙashin dogayen bishiyoyi waya takan ruɗe, yanzu ta ce gabas, an jima ta ce yamma. Kwana uku muna komawa muna ɗaukar lambobi kafin muka tsai da na tsakiya. A nan na kafa musu doka: in ya rage taku goma, waya ta shiga aljihu, ido ya yi aiki. Ka tuna lokacin da muke neman ƙwan zabi a bayan gari, kai ne kullum kake fara hango inda ciyawa ta kwanta? To, abin da nake son su iya ke nan. Takwaranka, wanda da sai an yi faɗa yake ajiye waya, yanzu yakan lura da icen da aka jera ba bisa ɗabi'a ba, ya ce akwai abu a ƙarƙashi.

Wani abin dariya, ana so ka yi a ɓoye kada masu wucewa su gani. Na ce a raina, da a gida ne aka kama ni ina cusa akwati cikin kogon bishiya ina waige-waige, wallahi asiri za a ce ina binnewa.

Mutum huɗu sun riga sun sa hannu a littafinmu, kayan ciki kuma sun fara ƙarewa. In ka shiga Kasuwar Kurmi, ka sayo mana ƙananan maratayan makulli na fata kamar goma, ka ba duk mai tahowa. Yaran sun ce abin gida suke so su sa.

Ka gaida Hajiya, ka ce ta sa mu a addu'a.

Naka,
Baban takwaranka