Miyar Busan da kuka yi wa talla, ta alade ce

Assalamu alaikum, Edita.

Shirinku na yawon buɗe ido na ranar Asabar ya ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye ba. Wakilinku ya yi ta santi a kan dwaeji gukbap, wata miya ta birnin Busan da ke Koriya ta Kudu, har yana cewa duk wanda ya je Busan bai sha ba, to bai je ba. Haba Malam! Ƙashin alade ne fa ake dafawa sa'o'i da yawa har romon ya yi fari, a yanka naman a ciki, a haɗa da shinkafa. Ko sau ɗaya bai faɗi haka ba. Shin ya manta su waye ke sauraronsa ne?

Na je garin nan neman kayan gyaran mota. Daga Seoul, babban birnin ƙasar, jirgin ƙasa mai sauri na KTX kamar awa biyu da rabi ne, kana sauka kuwa shagunan miyar nan za su fara yi maka maraba. Alhajin da muka tafi tare har ya ja kujera, don a ido sai ka rantse romon ƙafar saniya ne. Allah ya taimake mu wani ɗalibi ɗan Indunusiya ya hango mu. Shi ya ƙara mana da cewa hatta taliyarsu mai sanyi, milmyeon, sau tari da yankan alade a kanta.

Abin haushin, ga abin faɗa nan birjik. A kasuwar kifi ta Jagalchi, ka zaɓi kifinka da ransa a hawan ƙasa, ka hau sama a gasa maka. Akwai masallacin Al-Fatah da aka buɗe tun 1980, kusa da tashar Dusil a layi na ɗaya na jirgin ƙarƙashin ƙasa, da gidajen abinci na halal a gefensa. Wakilinku bai ambaci ko ɗaya ba, sai bakin tekun Haeundae da gidajen Gamcheon masu launi-launi, kamar hoto kaɗai mutum zai ci.

Ku fito ku gyara a shiri na gaba, kafin wani ya je ya aikata da yaƙinin ku kuka faɗa.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin magana. Mahaifina da ke sauraro da ƙaramar rediyo ba ya jin rabin abin da ake faɗa.

Naku,
Mai sauraro daga Fagge, Kano