Godiya ga Sashen Tiyatar Baki da Muƙamuƙi

Assalamu alaikum.

Mu ma'aikatan lafiya na matakin farko muna miƙa godiyarmu a bainar jama'a ga likitoci da nas-nas na Sashen Tiyatar Baki da Muƙamuƙi na asibitin koyarwa na jiharmu, saboda yadda kuke kula da masu kumburin yawu, wato ranula, waɗanda muke tura muku.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba kwa gaggawar sa wuƙa. Kumburin yana tasowa ne daga ƙaramar maɓuɓɓugar yawu da ke ƙarƙashin harshe. In hanyarta ta fashe, yawu ya taru, ya yi ƙullutu mai taushi mai ɗan shuɗi a ƙasan baki. Wani lokaci sai ya bi ta wata kafa a tsokar ƙasan baki ya gangaro ƙarƙashin haɓa, ba zafi, ba zazzaɓi. A nan ake ruɗewa, a ɗauka kaluluwar tarin fuka ce ko maƙoƙo. Ku kuwa sai kun duba ƙarƙashin harshe, kun sa majinyaci ya haɗiyi yawu kuma ya zaro harshe don ku ga ko ƙullutun na motsi, kun tambaya ko yana ƙaruwa da zafi lokacin cin abinci, domin wannan alamar tsakuwa ce a bututun yawu. Daga nan a yi sikanin, a zuƙo ruwan da sirinji. In ya fito da kauri da yauƙi kamar farin ƙwai, an gano bakin zaren.

Mun gode da kuke gaya wa mutane gaskiya: zuƙe ruwan ba magani ba ne, zai sake cika tunda maɓuɓɓugar na nan tana tsiyaya. Tsagar wanzami kuwa ta fi muni, ƙwayoyin cuta su shiga, ruwan ya zama mugunya. Kuna cire maɓuɓɓugar ne gaba ɗaya ta cikin baki, ku matse ruwan wuyan ya fito ta nan, ba tabo a waje. Wurin ƙunci ne ƙwarai. Jijiyar harshe da bututun yawun ƙarƙashin muƙamuƙi suna manne da maɓuɓɓugar. A taɓa jijiyar, gefen harshe ya mutu, a ɗaure bututun, wani sabon kumburi ya taso. Shi ya sa natsuwarku ta cancanci yabo.

Bayanin da kuke yi bayan aiki ma yana sauƙaƙa mana bibiya: bandeji mai matse ƙarƙashin haɓa, kunu da abinci mai laushi, kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane ci, da dawowa nan take in ƙasan baki ya kumbura har numfashi ya yi wuya.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

Naku,
Ma'aikatan lafiya na matakin farko