Me ya hana ku tambaye shi abincin 'yan makaranta?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da sauran ma'aikatan gidan. Na rubuto ne a kan shirinku na rediyo na daren Laraba, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Kusan awa guda baƙon naku yana jero biliyoyin naira da miliyoyin gidajen da ya ce tallafi ya kai gare su, mai gabatarwa kuwa ba abin da ke fita daga bakinsa sai "haka ne, ranka ya daɗe". Har aka yi sallama ba a tambaye shi ina abincin 'yan makaranta ya shiga ba. Shiri ne fa a kan talaucin yara. Ta yaya za a zauna ana zancen yunwar yara a Najeriya, a tsallake tukunyar da aka sauke musu daga kan murhu?

Ni malama ce, ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare ta ƙauye a Jihar Jigawa. Ina cikin aji abincin nan ya zo, ina cikin aji ya ɗauke. Gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin ciyarwa a 2016, naira 70 a kan kowane yaro a rana, daga aji ɗaya zuwa aji uku. Bai iso mana nan take ba, amma da ya iso, kafin zangon karatu ya ƙare ajina ya cika har wasu suna zaune a bakin ƙofa. Yaran da muka sha bin gidajensu ni da hedimasta muna roƙon iyaye, sai ga su da ƙafarsu, kowa da 'yar robarsa a leda. Idan an kusa tashi tara, ba mai sauraren allo kuma, duk idanu na kan hanya ana jiran mata masu ɗauke da kuloli. Wata rana shinkafa da wake da ɗan manja, wata rana fate, wata rana a haɗa da ƙwai.

Akwai wani yaro da ba zan manta da shi ba. Kullum sai ya ci rabi, ya rufe robar da murfi, ya tura ta ƙarƙashin riga. Na ɗauka ƙoshi yake yi. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce wa ƙanwarsa yake kai wa, an yaye ta, kuma a gidansu ba a ɗora tukunya sai dare. Yaro ɗan shekara bakwai ke nan yana ciyar da gida da ludayi biyu na shinkafa. Ba shi kaɗai ba ne. Da na fara lura, sai na ga robobi da yawa ba sa komawa gida a wanke.

Ban ce shirin ba shi da aibi ba. Mun ga ƙwai ɗaya ana raba wa yara biyu, wani lokaci huɗu. Mun ga an yi makonni masu dafawa ba su zo ba saboda kuɗi bai shiga asusunsu ba, kuma ba wanda zai ce matar da ba ta da jari ta ciyo bashin buhun shinkafa. Mun ji ana cewa wasu sunayen masu girki a takarda kawai suke. Ko da aka ƙara kuɗin ya koma naira 100, tsada ta riga ta cinye ƙarin. Yau a kasuwarmu naira 100 ba ta sayen ƙwai ɗaya. Duk wannan abin gyara ne, kuma da kun tambaye mu da mun faɗa muku inda ake yoyo. Amma a ce maganin yoyo shi ne a hana yara abincin baki ɗaya, wannan ba zan taɓa yarda da shi ba.

Ku ne kuka karanta mana labarin a watan Janairun 2024: Shugaba Tinubu ya dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, bisa zargin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata mata, sannan ya dakatar da shirye-shiryen tallafi gaba ɗaya, N-Power na samar wa matasa aiki da rabon kuɗi da rancen ƙananan 'yan kasuwa da ciyar da 'yan makaranta. Aka ce na mako shida ne, kafin a gama bincike. Mu a wurinmu tun kafin wannan sanarwa abincin ya riga ya fara yankewa, kuma daga nan ba mu sake ganin kula ko ɗaya ta shigo harabar makaranta ba. Manya ake zargi, yara aka hukunta. Wane yaron aji biyu ne ya sa hannu a takardar fitar da kuɗi? Bikin Magaji ai ba ya hana na Magajiya: a yi bincike, a kama wanda ya ci, tukunya kuma ta ci gaba da tafasa. Kuma a duba lokacin da aka zaɓa. An cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Daidai lokacin da uba ya kasa auno kwanon gero, a lokacin ne aka janye ɗan abin da ɗansa ke samu a makaranta.

Yanzu idan na buɗe rajista ina kiran suna, sai in yi ta jin "ba ya nan", "ta tafi talla", "ya bi babansa gona". 'Yan matan da na koya wa baƙi da wasali ina haɗuwa da su a tasha da farantin awara ko gyaɗa a ka, su sunkuyar da kai su ce "Malama, ina wuni". Mazan wasu suna ƙwadago, wasu an tura su birni almajirci, ba don iyayen sun fi kowa son karatun allo ba, sai don a rage baki a gida. Shi ya sa jinina ya tafasa da baƙon naku ya ce matsalar ita ce iyaye a Arewa ba su san darajar ilimi ba, mai gabatarwa kuma ya amsa masa da "gaskiya ne". Waɗannan iyayen su ne dai suka cika mana aji lokacin da ake ba da abinci. Ba su canza ba. Uwar da ta san idan 'yarta ba ta fita talla ba za a kwana da yunwa, ba wa'azin rediyo take buƙata ba.

Alƙaluman ma da ya kamata a ɗora wa baƙon a gaba, wasu na gwamnati ne da kanta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto a watan Nuwamban 2022 cewa mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskar abinci, lafiya, ilimi da muhalli, miliyan 86 daga ciki a Arewa suke, kuma kashi 67.5 cikin 100 na yaran ƙasar nan suna ciki. Wannan tun kafin a cire tallafin mai ke nan. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina a cikin wata shida na farkon 2025. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Irin ƙannen da ake kai wa ragowar roba ne waɗannan.

Baƙon naku ya yi ta maimaita zancen naira 25,000 da aka ce za a ba gidaje miliyan 15 har sau uku. Wanda ya samu, Allah ya sa masa albarka, ba na hassada. Amma mata nawa ne a ƙauye ke da lambar NIN da asusun banki? Wasu har sun biya kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma don yin rajista, suka dawo suna ta duba waya ba saƙo. Wanda ma ya samu, kuɗin bai kai rabin buhun gero ba a lokacin da tsada ta yi tsanani, kuma bayan sau uku shi ke nan. Cikin yaro kullum yake neman abinci.

Kuma ba wai ba a san abin da ke aiki ba. A nan Jigawa, a Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma, da kuma Anka da Tsafe a Zamfara, an yi wani shiri da kuɗin gwamnatin Birtaniya wanda ƙungiyar Save the Children ta jagoranta. Ana ba mace naira 3,500 duk wata, daga baya aka mayar 4,000, tun tana da ciki har yaro ya cika shekara biyu, ana kuma koya mata yadda za ta ciyar da shi. Ƙanwata da ke aure a can ta shiga. Kuɗin ba shi da yawa, amma ta san zai zo, don haka ta iya lissafi da shi: ta sayi wake da ƙwai, ta shiga adashi, ta kai ga sayen akuya. Binciken da aka yi a ƙarshe ya nuna tsumburewar yara ta ragu a garuruwan da aka yi shirin. Abin da ya sa ya yi tasiri shi ne bai yanke ba. Mu kuwa kowace gwamnati sai ta zo da sabon suna da bikin ƙaddamarwa, ta bar na baya ya mutu. Makarantun tsangaya na zamani da Jonathan ya fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012, ku aika wakilanku su gano muku nawa ne ke aiki a cikinsu yau.

Don Allah ku sake gayyato baƙon nan, ko wanda ya fi shi. Ku tambaye shi rana da watan da abinci zai dawo makarantun ƙauye, nawa za a kashe a kan kowane yaro a wannan tsadar, kuma wa aka hukunta bayan binciken mako shidan nan. Idan ya ce an riga an dawo da shi, ya faɗi sunan makarantun a je a gani. Ku zaunar da mai dafa abincin ko ɗaya a gefensa, ko malamin aji ɗaya. Na yi ta kiran layinku a daren, bai shiga ba, saƙonnin Facebook kawai aka karanta, su ma na masu yabo.

Sannan wata magana dabam. Tallan maganin gargajiyar nan da kuke sawa da zarar an gama shirin, wallahi ya wuce gona da iri. Lokacin cin tuwo ne, yara da surukai duk ana zaune a tsakar gida, sai mutum ya hau fayyace abin da ko a ɗaki ba a faɗa da ƙarfi. Dole nake tashi da gudu in kashe rediyo. In ba za ku iya daina shi ba, ku mayar da shi bayan sha ɗayan dare, ko ku sa a tace kalaman.

Ina fatan za ku karanta wannan wasiƙa yadda take, ba tare da an yanke inda ya yi zafi ba.

Wassalam.

Taku mai saurare,
Wata malamar firamare, Jihar Jigawa